Turmin Inna Baiwa

Darini,
Talata, cikin watan Safar, 1955.

Zuwa ga Yaya Shafa'atu,

Gaisuwa mai yawa da so da aminci. Ina fata kina lafiya, da maigidanki, da yara, da duk mutanen Safana. Yaya ƙafar Baba Malam, ta sake shi kuwa? Mu nan lafiya lau, sai gajiyar kaka.

Ki yi haƙuri da rubutun, kin san wata bakwai kaɗai na yi a ajin Yaƙi da Jahilci aka kawo ni gidan nan. Fensirin da kika ba ni ma ya zama guntu, da wuƙar yanka kuɓewa nake fiƙe shi. Sammani mai goro zai kawo maki takardar, na ce mashi hannunki kaɗai.

Yaya, magana ce ke cina, ba ni da wanda zan faɗa ma sai ke. Ke ɗin ma don a takarda ne, ba ki ganin fuskata. Maganar yaron nan ce. Kin san wanda nake nufi.

Tun da aka yaye shi farkon damina ya koma ɗakin Inna Baiwa, uwar maigidana, kamar yadda aka saba. Nan kuma ba kamar gidan Baba ba ne, babu kulle, da kaka kowace mace gona take tafiya. Sai a tara ɗiyan gidan gaba ɗaya, su tara ne, a bar ma Inna a gindin tsamiya. Ita ke dama masu kunu da hantsi, ita ke ba su na rana, duk a akushi ɗaya, wani babba baƙi wanda ta ce tun zamanin uwar mijinta ake ci a cikinshi. Wallahi wajen riƙon yara ba ta da na biyu. Ta san mai ci da sauri, ta san wanda ake ƙwace ma loma. Shi kuwa wannan ta fi ji da shi. Angona take ce mashi. In ya ƙi cin abinci ta ce to ita ma ta yi yaji, za ta je ta auri mai haƙora.

Sana'arta kuma ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Duk Darini nata ake nema. Hannunta ko ta wanke ƙamshin gyaɗa yake yi.

To ran da aka fara kawo sabuwar gyaɗa ta dafa ma yara. Bai fi ƙwara uku ya ci ba, leɓenshi ya kumbura, jiki ya yi ruɗu-ruɗu. Aka ce borin jini ne, aka shafa mashi manja, kafin la'asar ya faɗa. Bayan kwana biyar ta yi masu kwaɗon rama da ƙuli. Wannan karon idanunshi suka rufe, ya yi ta amai. Na uku ran Laraba da ta wuce, tana matsar mai, ta laƙato tunkuza a yatsa ta lasa mashi a ɓoye don kada sauran su gani. Kin ga so ke nan.

Na dawo daga gona da damin harawa a kai na iske shi bisa cinyarta, numfashinshi na fita da ƙara kamar ana busa kara. Kin san abin da na yi? Na wuce su. Na sauke harawa, na tambayi faccalata Amariya ko akwai ruwa a randa. Wai ruwa, Yaya. Sai da na zagaya bayan rumbu sannan na zauna a ƙasa ina saurare daga can har na ji ƙarar ta ragu.

Inna ta ce tsamiyar ce, mutanen ɓoye ne suka shafe shi. Kin san gidan nan ba su daɗe da barin al'adun kakanni ba, abin na nan a bakin tsofaffi. Ta kwashe yaran ta mai da su rumfar bayan zaure, ta yi hayaƙi, ta kuma karɓo rubutu wurin liman. Kwana biyu ba ta ci abin kirki ba don damuwa.

Ni kuwa na ƙirga da yatsuna. Sau uku, kuma duk ukun da gyaɗa a ciki. Na kuma tuna yana goye, in na ci gyaɗa na goge mashi baki da hannuna, wurin sai ya yi ja. Lokacin ban kawo komai ba.

Amma da wane baki zan faɗa? Ɗan fari ne. Sunanshi ba na kamawa, gaban mutane ba na ɗaukarshi, in ya faɗi sai dai in kau da kai wata ta tashe shi. Yanzu in tashi in ce ma uwar miji ga abin da za ta ba shi, ga wanda ba za ta ba shi ba? Sai a ce ɗiyar malaman Safana ba a koya mata kunya ba, abin ya koma kan Baba. Na gwada faɗa ma maigidan. Ya daɗe yana zane ƙasa da tsinke, sannan ya ce shi ma ai ɗan farinshi ne, ina zai kai fuskarshi. Ya ce kuma gidan da gyaɗa ke biya ma haraji, wa zai yarda gyaɗa cuta ce.

Don Allah Yaya, malamin asibitin nan da ke zuwa garinku, ki sa maigidanki ya tambaye shi. Kada a ce namu ne, a ce ɗan maƙwabta ne. A tambaye shi ko abinci na iya yi ma yaro haka, ko kuwa ni ce tsoro ya sa nake ganin abin da babu.

Ki gaida kowa da kowa. Haza wassalam.

Ƙanwarki,
Sauda.


Darini,
Laraba, ƙarshen watan Safar.

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka. Takardarki ta iso, da sabon fensiri da daddawa, Allah ya saka da alheri, ya raya maki naki. Na ji daɗi da kika ce Baba ya fara taka ƙafar har masallaci.

Na karanta abin da malamin asibiti ya ce sau huɗu, don sai na bi baƙaƙen da yatsa. Wato akwai jikin da wani abinci ba ya karɓarshi, ko kifi ko ƙwai ko gyaɗa, kuma babu maganin da ya wuce a raba shi da abin. Inda ya ce in ta kama maƙogwaro tana iya kisa kafin a kai ga mota, nan na ninke takardar na tura ta ƙarƙashin tabarma. Mu da sai ranar kasuwar Batsari muke jin ƙarar mota.

Na yi yadda kika ba ni shawara, na aro baki. Amariya, matar Yaya Gagare wan maigidana, ita ta haifi biyar, ba wanda ke kama ta da kunyar ɗan wata. Na same ta muna tsinkar gyaɗa na karanta mata a hankali. Ta ce ikon Allah, ta ce bari ta ɗauka a kanta.

Da yamma tana taya Inna soya ƙuli ta kawo maganar kamar ita ta lura. Ina daga bakin murhuna ina ji, ina ta hura wutar da ta riga ta kama. Inna ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce jikan Maude, mutumin da ya fara kai buhu goma sikelin kanti a garin nan, shi ne gyaɗa za ta ƙi? Amariya ta ce to a gwada mana, a riƙa zuba mashi nashi daban a ɗan ƙoƙo.

Yaya, da ma ba ta ambaci ƙoƙo ba. Dariyar Inna ta ɗauke. Ashe a garin nan mutum ɗaya aka taɓa ware ma ƙwarya, wani marigayi Jinjiri, shi kuwa kuturta gare shi. Har yau in yara na faɗa sai ka ji an ce mai ƙwaryar Jinjiri. Inna ta ce tana raye ba a ware ma jikanta ƙwarya, yaron da aka raba da akushi an raba shi da dangi, kuma sunan da yara suka laƙaba maka kana ƙarami da shi za a kai ka kabari. Ni kaina na ga gaskiyarta, ban taɓa tunanin wannan ba.

Amariya dai ba ta saki ba, kin san ta da naci. Ƙarshe Inna ta yarda da kwana uku. Za ta ɗebi nashi kunun kafin ta sa gyaɗa, ta ba shi a ɗaki tun yara ba su taru ba, in an zo cin akushi ta goya shi ta ce barci yake.

Ranar farko lafiya. Ta biyu lafiya, har na ji shi yana bin kaji yana dariya, na ce Alhamdu lillahi a cikina. Ta uku, kunun gero zalla, ko ƙwara ɗaya babu, Amariya na tsaye aka dama. Kafin ya shanye fuska ta haye, wuya ya yi jawur, ƙarar nan ta dawo. Ta fi ta ranar tunkuza daɗewa. An aiko gona an kira maigidan, ni ba a kira ni ba, don ba a kiran uwa a kan ɗan fari. Na ci gaba da tonon gyaɗa ina kallon bayanshi yana gudu.

Allah ya sa ya tashi. Amma yanzu magana ta lalace. Kowa na cewa ga shi bai ci gyaɗa ba ya kumbura, ashe tsamiyar ce dai. Matan gida sun sa Amariya gaba, suna ce mata likita. Ni kaina na rasa inda zan tsaya. Ko malamin asibitin wani ciwo yake nufi daban?

Abin da ya sa na zauna rubutu yau ko tuwo ban ɗora ba shi ne wannan. Yaron ya rame, wuyanshi kamar na ɗan tsako. Inna ta ce yunwar da aka sa ta yi mashi ce, jibi Jumma'a za ta dama mashi kunun gyaɗa mai kauri da zuma, ta zuba rubutu a ciki, ya sha ya ƙoshi ya mai da jikinshi. Har ta ware gyaɗar, manya-manya, ta zaɓe su ɗaya-ɗaya a faifai tana yi mashi waƙa.

Na san takardar nan ba za ta iso ki ba sai Jumma'a ta wuce. Na rubuta ne don in ban faɗa ma wani ba ƙirjina zai fashe. Ki sa mu a addu'a ko da ta wuce ɗin.

Ki gaida yara. Wassalam.

Taki,
Sauda.


Darini,
Lahadi, farkon watan Mauludi.

Yaya Shafa'atu,

Ina gaishe ki, ina gaida maigida da yara da Baba. Ina fata kuna lafiya. Bari in fara da abin da kike son ji, yaron na nan da ranshi, bai sha kunun ba. Sauran kuma ki ji, ki yi mani hukunci da kanki.

Ran Jumma'a da safe zan surfa gero, na iske Amariya ta riga ni turminmu. Sai na jawo na Inna, shi ɗaya gare ta, tsoho ne mai tsaga a gindi. Na zuba ruwa in ɗauraye, sai na ga maiƙo na yawo a kan ruwan. Na sa yatsa cikin tsagar nan, Yaya, na laƙato tunkuza, har da ƙamshinta. Na tsaya riƙe da taɓarya ina lissafin kwanaki. Ranar farko da ta biyu Inna ba ta yi ƙuli ba. Ta uku jajibirin kasuwa ce, da sassafe ta kirɓa gyaɗa, ta goge turmin da hannu, ta zuba geron kunu a ciki. Ludayin ma ɗaya ne, da shi take kwasar mai, da shi take damu. Ashe ya ci gyaɗar, ba wanda ya gan ta ne kawai.

Na ruga wurin Amariya. Ta ce ita kam bakinta ya mutu, an yi mata dariya sau ɗaya ta isa, in jira a kwana biyu. Na leƙa neman maigidan, yana tsakar gida da Yaya Gagare da sauran maza suna ɗaura ma jakuna kaya za su Batsari sallar Jumma'a. Ba gona ranar, kowa na gida. Inna kuma ta riga ta sauke kunu, ta zauna bakin rumfa, yara sun kewaye ta, shi yana bisa cinyarta. Tana fifita ludayi tana ce mashi Angona buɗe baki, yau amarya ta yi girki.

Ban san lokacin da na isa ba. Na dai san na durƙusa, don gwiwata har yanzu da ƙurji. Na ce, "Inna, don girman Allah kada ki ba ɗana kunun nan."

Ɗana. Gaban maza, gaban wan miji, gaban yara. Amariya ta rufe baki da gefen zane. Yaya Gagare ya ja jakinshi ya fice bai gama ɗaurin ba. Maigidan kuwa ya sunkuyar da kai kamar shi aka kama da sata.

Tun da na riga na zubar, sai na ƙarasa. Na mirgino turmin har gabanta na nuna mata tsagar, na faɗi lissafin kwanakin, na faɗi abin da malamin asibiti ya ce, har na ce ni na sa aka tambayo, ba Amariya ba.

Inna ba ta dube ni ba. Ta sa yatsa cikin tsagar, ta shinshina, ta daɗe tana kallon yatsan. Sannan ta mai da kunun ludayin cikin ƙwarya, ta rufe da faifai, ta sauke yaron daga cinyarta ta shige ɗaki ta saki asabari.

Bayan azahar ta aiko mani da shi, da 'yar tabarmarshi da zanen goyonshi a naɗe. Kin san abin da wannan ke nufi. An mai do mani ɗana tun da na ce nawa ne.

Yau kwana uku. In na gaishe ta tana amsawa daga cikin ɗaki, a taƙaice. Sauran yaran tana riƙonsu, amma ba waƙa, ba wasa. Maigidan abin da ya ce mani kawai, na kyauta. A bakin rijiya wata ta tambaye ni wai yaya ɗana, ta ja kalmar, aka kwashe da dariya. Na cika tuluna na taho.

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi damuna, ina zan kai shi? Gona ba ta ɗaukuwa, ko'ina gyaɗa ce a shanye, yaro kuwa abin da ya tsinta baki yake kaiwa. Jiya na ce kaina ke ciwo na zauna gida. Yau ma haka. Yaya Gagare ya fara cewa an kusa buɗe sikeli, hannu ɗaya ya ragu a gona. Gobe ban san ƙaryar da zan yi ba.

Ki ɗan taɓa mani zuciyar Baba. In abin ya kai a ce in je gida in huta, zai karɓe ni da yaron, ko zai ce na zubar mashi da mutunci? Ban yi da na sani ba, Yaya, in aka mai da ni ranar zan sake faɗa. Amma ina jin ciwon abin da na yi ma tsohuwar nan. Ba ta taɓa ɗaga mani murya ba tun da na zo.

Abu ɗaya ya ba ni dariya cikin kuka. Wata biyar rabon da ya kwana kusa da ni, ya farka da safe ya dube ni ya ce, Sauda, ina Inna? Haka yake jin sauran yara na kirana.

Wassalam. Ki amsa mani da wuri.

Ƙanwarki,
Sauda.


Darini,
Asabar, bayan Mauludi da kwana huɗu.

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan kun yi Mauludi lafiya, Allah ya maimaita mana. Na ga amsarki. Na gode da kika ce ɗakinki ɗakina ne, kuma na gode da ba ki kai maganar gaban Baba ba tukuna. To kada ki kai. Ki gyara zama.

Ranar kasuwar Batsari da ta biyo bayan takardata, Inna ta fita tun da sassafe ba tare da ƙwaryar ƙuli ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta bar ma Amariya yara. Na ce shi ke nan, wurin danginta ta tafi kai ƙarata. Da la'asar sai ga ta a ƙasa tana bin jakin Sammani, ƙafa duk ƙura, an ɗauro sabon turmi fari tas da taɓarya. A hannunta ludayi biyu da muciya. Ta sa ƙusa a wuta ta yi ja, ta yi ma kowanne zane uku, har akushin nan baƙi, bayan ta goge shi da toka da yashi sau ban san adadi ba.

Sannan ta tara mu matan gida. Ta ce tsufa ya zo mata da sabon salo, gyaɗa ta daina karɓarta, ko ƙamshinta ta ji cikinta murɗawa yake. Don haka daga yau gyaɗa ba ta shiga rumfarta. Duk abin da ke da zane uku, wadda ta kusantar da shi ga gyaɗa ita da ita ne. Tsohon turmi da kaskon suya ta ba Amariya, can bayan danga za a riƙa yi, ita sai dai ta zauna nesa tana ba da umarni. Yaran da take riƙo kuwa abin da take ci shi za su ci, akushi ɗaya kamar kullum. Mai son gyaɗa ya ci a ɗakin uwarshi da yamma, kuma da safe kowane yaro sai an wanke mashi hannu da baki, an kakkaɓe aljihunshi, kafin ya taka tabarmarta.

Wata ta ce to Inna miyar yara fa, da me za ta yi daɗi? Ta ce da man shanu da daddawa aka rene ta tun Nasara bai zo da sikelinshi ba, kuma ga ta nan ba ta mutu ba.

Kowa ya san ciwon cikin nan na wane ne, amma wa zai ce ma Inna ƙarya take? Ba a ware ma kowa ƙwarya ba, ba a ambaci yaron ba, ba a ambace ni ba.

Da aka watse sai na ji sallamarta a bakin ɗakina, ita da ba ta taɓa takowa ba. Ta ce ina mijinta, biko ta zo. Ya fito da gudu ya rungume ƙafarta, ta ce kai tafi can, kwana shida ko aike. Ta duƙa in ɗora mata shi a baya. Ina ɗaura zanen, ba ta juyo ba, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

Ta ce, "Kin zaci fushi nake. Kunya ce. Ke kin ajiye taki a gaban mutane kin ceci yaro. Ni tawa sai da ta kwantar da ni kwana shida, ina duban hannun nan da na riƙa ba shi."

Sai na ce Inna zanen ya ɗauru? Ta ce ya ɗauru, ta tafi.

Yau kwana tara da komawarshi wurinta, ko ƙurji bai yi ba. Ya fara cika, kumatu sun dawo. Na koma gona. Ba wai hankalina ya kwanta duka ba ne, na san abin na nan jikinshi, kuma gari ne na gyaɗa. Ran Mauludi maƙwabta suka yi ta aiko da abincin sadaka, Inna ta zauna bakin rumfa kamar ɗan doka, kowace ƙwarya sai ta tambayi da wane mai aka yi, a wane turmi aka daka. Wadda ba ta yarda da ita ba ta ce a kai ma maza zaure. Ta koya ma yaran cewa Inna ba ta son gyaɗa, yanzu su ke tsare juna, in wani ya shigo da ita a hannu sai ka ji sun haɗa baki sun kai ƙara. Ta kuma ce in ya ƙara wayo ita za ta faɗa mashi gaskiya da bakinta, don wata rana zai ci abinci inda ba ta nan. Maigidan kuwa na ga ya ɗebo yashi ya liƙe ramukan dangar da ke tsakanin rumfa da wurin suya. A bakin rijiya har yanzu ana ɗan taɓa ni. Ina cika tuluna.

Shekaranjiya na zagaya bayan rumbu ɗibar kara, wurin nan da na taɓa zama ina kuka. Wa zan gani? Inna a tsugune, ta juya baya, tana gurgurar ƙuli da sauran haƙoranta, ga toka da butar ruwa ta ajiye a gefe na wanke hannu. Muka haɗa ido. Na ce Inna yaya cikin? Ta ce da sauƙi, magani take sha. Na ce Allah ya ƙara sauƙi, na ɗebi karana na wuce. Sai da na yi nisa na ji tana ta dirzar hannu.

In kaka ta ƙare za mu zo ganin Baba in Allah ya so. Ki faɗa ma yaranki tun yanzu, kada kowa ya tare mu da gyaɗa, kuma ki duba mani gindin turminki.

Ki gaida maigida da yara da Baba Malam. Inna na gaishe ki, Amariya na gaishe ki. Ɗana Abdulƙadir ma yana gaishe ki. Na rubuta, ga shi nan, ban goge ba.

Haza wassalam.

Ni ce ƙanwarki,
Sauda.